Yadda Na Baro Dije a Bakin Rafi

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na so in manta, dangin matata ba za su bar ni ba. Yau shekara biyu ke nan, amma har yanzu idan na tuna sai in ji raina ya ɓaci sabo fil, in rasa wanda zan fara zagi, Lawal ne, ko rafin nan, ko ni kaina. Yawanci a kaina nake ƙarewa, don ni ne mafi kusa.

Ni mutum ne mai son babur. Ba irin na 'yan acaɓa ba, a'a, babba, baƙi wuluk, mai akwati a baya, wanda idan na tayar da shi a Gwallameji sai kajin maƙwabta sun watse. Litinin zuwa Juma'a ina ofis cikin kaftani da hula kamar mutumin kirki. Da Asabar ta yi sai in zura jaket da safar hannu da hular kwano, mu haɗu da abokai mu ɗauki hanya. Wannan satin Yankari, na gaba Dass, wani lokacin har Gombe ko Jos. Wanda bai taɓa jin iskar safiya tana dukan ƙirjinsa tsakanin duwatsun nan namu ba, ba zai gane ba, ni kuma na gaji da bayani.

Cikin waɗanda ba su gane ba har da matata, Dije. A lokacin shekararmu tara da aure, da 'ya'ya biyu. Bafulatana ce, a gari ta yi karatu, tana koyarwa a firamare, amma iyayenta suna can wani ƙauye gaba da Zungur da shanunsu. Kunyar gidansu kuwa kaf ta kwaso ta, ba ta bar musu ko kaɗan ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba ta ma iya cewa "Baban wance", domin wancen 'yar fari ce, ita ma ba ta faɗin sunanta. "Malam" take ce mini (ni da ko izu biyar ban haɗa ba).

Dije ta tsani babur ɗin nan tsana mai tsanani. Ba ta faɗa, ba ta ɗaga murya, amma duk Juma'a da yamma idan ta gan ni ina goge shi sai ta ce, "Gobe ma sai dai mu ji ƙararka tana nisa ke nan." Da abin ya ishe ta, ta fito fili ta ce in sayar. Na ji kamar ta ce in yanke hannu.

Nan Lawal ya shigo. Lawal abokin tafiyata ne, bai taɓa aure ba, amma a bakinsa duk Bauchi ba wanda ya kai shi sanin mata. Ya ce mini, "Kai ne ba ka iya ba. Ka ɗora ta sau ɗaya kawai. Wallahi iskar nan ta buge ta sau ɗaya, ita za ta riƙa tashinka da asuba." Shi ne dai kuma, wata biyu kafin nan, ya sa na kwance maduban babur ɗin duka biyu, wai sun sa ya yi kama da na masu kai burodi. Na kwance. Da hankalina, da digirina, na ɗauki sifana na kwance su na jefa a sito. Duk wanda ke neman shawara ya guji tuzuru mai baki.

Sati uku na yi ina lallashi. Na sayo mata hular kwano ja. Na riƙa nuna mata hotunan turawa a waya, miji da mata a kan babur ɗaya suna dariya a gindin dutse. Ta duba ta ce, "Su waɗannan ba su da dangi ne?" Na haɗiye, na ci gaba da naci. Ana haka aka haifa wa ƙaninta ɗa a ƙauye, suna ya faɗo ranar Asabar. Da alama ta gaji da ni ne, don ita da kanta ta kawo maganar.

"To, Malam, na ji. Sau ɗaya. Ka kai ni gidan Baffa a kansa. Idan ka kai ni lafiya, ka ci gaba da abinka, har Yankarin ma zan bi ka. Idan ba haka ba, ka sayar."

Na ce na yarda, har da rantsuwa, alhali ba wanda ya nemi in rantse. Baffa shi ne mahaifinta, mutumin da tunda na auri 'yarsa ban taɓa jin muryarsa ta wuce tabarmar da yake zaune a kai ba. Yara muka tura su tun Juma'a a mota tare da yayarta, don kada komai ya ɓata mini shiri.

Tun a ƙofar gida abin ya fara lalacewa. Na ce ta sa wando a ƙarƙashi ta hau sosai, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, kamar yadda ake hawan irin wannan babur. Ta fito da zanin atamfa ɗaure tamau, da hijabi har idon sawu, ta ce ita zaman gefe za ta yi kamar yadda ta ga matan kirki suna yi. Na ce to ta riƙe ƙuguna. Ta dube ni kamar na ce ta yi rawa a kasuwa.

"A kan titi? Gaban mutane?"

"Mijinki ne ni fa, Dije!"

"Ai na sani."

Ta kama ƙarfen akwati ta riƙe, ta bar tazara tsakanina da ita da za a iya ajiye kwarya. Na karɓe jakarta, da wayarta a ciki, na cusa cikin akwati tare da shinkafa da sabulu da kayan jariri da za mu kai. Maƙwabta sun fara leƙowa, raina ya gama ɓaci, sai bakina ya suɓuce na ce, "Wallahi ƙauyanci ne kawai ke damunki." Na faɗa wa matar da zan kai ƙauyensu. Ba ta ce komai ba, ta dai ja hular kwanon ta rufe fuska.

Na ce, "Kin zauna?" Shiru. Na ce, "Mu tafi?" Shiru. Na ja babur muka tafi.

Ya kamata in faɗi wani abu a nan, ba don in wanke kaina ba (to, don in ɗan wanke kaina ne). Dije ba ta da jiki. Ko a gefen katifa ta zauna ba za ka ji ba. Babur kuwa ƙato ne, akwati cike da kaya, ita ba ta taɓa ni, ba ta magana, ni kuma kaina yana cikin kwano. Ban da madubi, don Lawal.

Damina ta yi kyau a shekarar, gonaki sun yi shar, duwatsu sun sha wanka. Ina tafe ina ɗaga murya ina nuna mata. "Kin ga dawar can? Kin ga yadda hazo ya sauka a kan dutsen can? A mota za ki ga wannan?" Ko tari ba ta yi ba. Duk kilomita ɗaya sai haushina ya ƙaru. Na kawo ta cikin ni'imar Allah, tana yi mini gaba.

Bayan mun bar kwalta muka iso wani rafi. Ruwan jiya ya cinye gefen kwalbatin, kowa sai ya bi ta cikin ruwa. Ga 'yan acaɓa sun tsaya suna jiran fasinja, ga mata da ƙore a ka, ga wata tsohuwa tana gasa masara a gindin ɗorawa. Na ce wa Dije ta sauka ta haye da ƙafa. Ta sauka, ta cire takalmi ta riƙe a hannu, ta tattare zani ta haye lafiya lau. Ni kuma, ganin idanu sun yi yawa, na ce bari in nuna musu bambancin babur da babur. Na murza totur na faɗa ruwa da ƙarfi. A tsakiyar rafi ya yi tari biyu ya mutu.

Wani ɗan acaɓa ya ce, "Oga, jirgin ya sha ruwa ne?" Aka kwashe da dariya. Wani ya bi ta gefena a kan ƙaramin babur ɗinsa da buhun taki biyu, ya haye kamar ba ruwa a wurin, har yana yi mini sannu. Na sauko na tura ƙaton abin nan ni kaɗai, ruwa har gwiwa, takalmina ya cika, gumi yana zuba cikin kwano. Da na fito na yi ta fama kafin ya tashi. A lokacin da a ce akwai wanda ya taɓa ni da sai mun yi dambe.

Ban ko juya ba na daka tsawa, "Sai ki hau mana!" Na ji babur ya ɗan nutsa ta baya. Na ce, "Kin zauna?" Shiru. To ai na riga na san wannan shirun tun daga gida. Na saki kuloci na fizge shi a guje, don in bar wurin nan da masu dariyarsa.

Abin da ban sani ba, ba hawa ta yi ba. Dafa akwati ta yi da hannu ɗaya tana sa takalmi.

Na ji ihu a bayana. "Oga! Oga! Kai mai mashin!" Na ce a raina, 'yan iska, ba su gaji da tsokana ba. Na saki hannun hagu, na miƙa shi baya, na ware yatsu biyar na yi musu daƙuwa mai kyau. Na yi wa mutanen da ke ƙoƙarin cetona daƙuwa, da tsohuwa mai masara, da matata ta sunna da ke tsaye a tsakiyarsu.

Daga nan na buɗe baki. Duk abin da ke cikina na shekara tara na zazzage shi. Na ce ni ba na shaye-shaye, ba na yawon banza, abu ɗaya tak nake so a duniya shi ma an sa masa ido. Na ce matan wasu suna ƙarfafa wa mazansu gwiwa. Na ce a rafi ko sannu ba ta yi mini ba. Na kawo maganar wata miya da aka yi tun shekarar da muka tare. Mutanen da ke gonaki suna ɗagowa suna bi na da kallo, ni kuma ina cewa babur ɗin ne ya burge su. Abin da ya fi ba ni haushi yanzu shi ne na ji daɗin maganar. Na ce a raina yau dai Dije ta saurare ni ba ta katse ni da "ai na sani" ba. Kafin mu iso har zuciyata ta yi sanyi, na sassauta murya na ce, "Shi ke nan, ya wuce. Na yafe miki."

Na iso ƙofar gidan Baffa an gama raɗin suna, ana feɗe rago a gefe. Maza sun cika tabarmi a inuwa, ga liman, ga dattawa da sandunansu, ga Baffa a tsakiya da farin rawani. Na ɗan murza totur sau ɗaya don a san an zo, na tsaya daidai gabansu na kashe.

"To, ranki ya daɗe, an iso. Sai a sauka."

Shiru. Na ga dattawa suna duban juna.

Na rage murya, amma ba sosai ba. "Dije, kada ki kunyata ni gaban mutane. Sauka in cire takalmi in gai da Baffa."

Sai Baffa ya ce, a hankali kamar kullum, "Sannu da hanya. Da wa kake magana?"

Na juya.

Jama'a, wurin zama ne kawai, baƙi, yana ƙyalli. Wallahi sai da na sauko na leƙa ɗaya gefen babur ɗin. Na leƙa ƙarƙashi. Na ciro waya na kira lambarta, sai akwatin da ke bayana ya fara kiɗa a gaban liman.

Baffa ya ce, "Ina ka ajiye ta?"

"A hanya, Baffa."

"Sauka ta yi, ko faɗuwa?"

Na ce, "Ban sani ba." Ban taɓa faɗin magana mai muni irin wannan ba a rayuwata. Mutum ya ba ka 'yarsa, ya tambaye ka ko tana raye, ka ce ba ka sani ba. Wani ya kai labari cikin gida, na ji salatin surukata ya tashi, mata suka ɗauka. Nan fushi ya gudu, tsoro ya shiga. Na tuna gudun da na yi, da ramukan da na faɗa, da zaman gefe, da hijabi kusa da taya. Ko gaisuwa ban yi ba na juya babur.

Na koma ina duba kowane kwari da kowane gindin kargo, ina kiran sunanta kamar mahaukaci, ina yi wa Allah alkawura iri-iri. Na haɗu da wata akori-kura cike da mata, na kauce mata na wuce ban ko kalle ta ba. Har rafi ban ga komai ba. Na tsaya gaban mai masara, na cire kwano. Ta ajiye mafici ta dube ni sama da ƙasa.

"Kai ne marar mutuncin nan? Mu da muka haife ka za ka yi wa daƙuwa? Matanka ya tsaya a nan, takalmi ɗaya a ƙafa, tukunya a kai, kai ka tafi kamar an kore ka!"

Na ce, "Mama, ki yi haƙuri, tana ina?"

"Ya shiga motan 'yan suna. Yanzu ka wuce su. Kai ba ka gani a baya, a gaba ma ba ka gani?"

'Yan acaɓa suka taso suka kewaye ni, kowa yana ba ni labarin abin da na yi kamar ba ni na yi ba. Wanda ya kira babur ɗina jirgi ya ce in ba ni da lafiya ne in faɗa, akwai mai magani a garinsu. Na haɗiye duka, na juya.

Haka na iso ƙofar gidan surukina karo na biyu a rana ɗaya, a kan babur, babu 'yarsa. Wannan karon hankali ya kwanta, don ta riga ni isowa, saboda haka aka samu damar yin dariya. Samari suka shige bayan rumbu suna riƙe ciki. Wani dattijo ya rufe baki da gefen rawani, kafaɗunsa suna rawa. Na cire jiƙaƙƙen takalmina na durƙusa gaban Baffa, ruwan rafi yana ɗiga daga wandona a kan tabarmar mutane. Na so ya zage ni, wallahi da ya fi mini sauƙi. Sai ya amsa gaisuwata tsaf, ya tambayi aiki, ya tambayi ruwa a gari, sannan ya ce, "Mu nan, wanda ke gaban shanu yakan waiwaya. Ko ya san suna biye, yakan waiwaya. Shiga ciki ka ci abinci."

Na sami Dije a ɗakin mahaifiyarta, zaune a kan tabarma tana shan fura, jar hular kwano a gefenta. Maimakon in ba da haƙuri, sai tsohon halin ya motsa. Na ce, "Me ya hana ki kira ni?"

"Na kira. Na ce Malam. Maza huɗu suka juyo, ban da kai."

"Da sunana, Dije! Da sunana!"

"Shekara tara ban kira ba, sai yau, a bakin rafi, gaban 'yan acaɓa?"

Ta juya ludayi a cikin kwarya, ba ta dube ni ba.

"Mutanen gona sun ce kana tafe kana ta magana."

"Da ke nake."

"Me na ce maka?"

"Ba ki ce komai ba."

"Kuma tun daga rafi har nan ba ka ji wani bambanci ba."



Ta ce, "A gida ma haka kake yi, Malam. Sai dai a gida ba ni da inda zan sauka."

Na sha zagi a ranar daga bakin mutane da yawa, amma wannan ce kaɗai ba ta zagi ba, kuma ita ce ta zauna mini a ƙirji.

Da la'asar ta bi motar yayarta da yara suka koma gari. Ni na biyo su a baya ni kaɗai, bakina a rufe. Ba ta sake tayar da maganar alkawari ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi ci mini rai fiye da a ce kullum tana tuna mini. Sati biyu na yi ina zagaye babur ɗin ina neman wata ƙofa a cikin rantsuwar da na yi. Na ce ai ta isa lafiya. Zuciyata ta ce a motar wa? Ranar da mai saye ya zo ya tayar da shi ya fita da shi daga layinmu, na shige banɗaki na daɗe, kuma ba ruwan kowa da abin da na yi a ciki.

Lawal har yau yana cewa laifin Dije ne da ba ta riƙe ƙuguna ba. Ni kuwa na daina musu da shi, na dai daina gaya masa komai. Abin da na tsira da shi bai taka kara ya karya ba, amma babur sukutum na biya kafin na same shi, don haka ga shi kyauta: idan ka tambayi matarka ta yi shiru, kada ka yi saurin cewa ta yarda. Waiwaya tukuna, ka ga ko tana nan ma.